Tafiyar Keke Domin Taimako: Wa Ke da Ikon Cewa a Tsaya?

Gabatarwa

Wata rana cikin watan Afrilu, shekaru kaɗan da suka wuce, na baro Gwarzo bayan sallar Azahar zan koma Kano. Ban daɗe da shiga ƙasar Kabo ba sai na hangi kekuna zube a gefen titi, ga kuma samari sanye da riguna iri ɗaya sun yi cirko-cirko a gindin wata darbejiya. Na ɗauka haɗari ne, saboda haka na tsaya. Ashe ɗaya daga cikinsu ne kwance yana sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, rigarsa duk ta yi farin gishiri. Sun ba shi farasitamol, sun kuma lulluɓe shi da babbar riga domin a zatonsu zazzaɓi ne.

Ranar ita ce ta uku da fitowarsu. Suna zagaya garuruwan yammacin Kano ne a kan keke domin tara wa marayu gudummawa, daga nan kuma su nausa arewa. Jagoransu ya ce da ni, "Malam, ba wani abu ba ne. In ya ɗan huta za mu wuce, ana can ana jiranmu." Na tambaye su yaushe rabonsa da fitsari. Abokinsa ya ce tun da safe, kuma launinsa kamar na baƙin shayi, ga shi ya kwana yana zawo. Na ce, "Samari, ku yaye masa rigar nan, ku nemo mini ruwa ko nawa ne." Muka saye ruwan ledar da wani yaro ke talla, wasu mata da suka fito daga rijiya suka sauke mana bokitansu. Muka yi ta kwarara masa ruwa ana yi masa fifita da kwali har ya fara gane mutane, sa'an nan muka sa shi a mota zuwa asibiti. Allah Ya yi da sauran kwanansa, amma sai da ya yi kwanaki a gadon asibiti saboda ƙodarsa ta taɓu, kuma kaso mai tsoka na kuɗin marayun a jinyarsa ya ƙare.

Tun daga ranar nake da ra'ayin da zan bayyana a wannan maƙala. Ra'ayin kuwa shi ne, duk wanda ya shirya doguwar tafiya irin wannan, haƙƙin ran mahayin yana wuyansa kafin haƙƙin wanda ake tara wa kuɗin, kuma bai kamata a ba da ko kwabo ga tafiyar da babu wani mutum a cikinta mai ikon cewa a tsaya, a kuma tsaya ɗin ba.

Al'adar da Ta Samu Gindin Zama

Doguwar tafiya domin wata manufa ta zama ruwan dare a ƙasar nan. A shekarar 2015 Suleiman Hashimu ya taka a ƙasa daga Legas zuwa Abuja domin murnar sakamakon zaɓe, bayansa kuma matasa da yawa suka bi sahu, wasu a ƙafa wasu a keke. Aliyu Abdullahi Bala ya bar Jos a kan keke a shekarar 2021, ya isa ƙasar Saudiyya a watan Disamba na 2022. Haka kuma a shekarar 2022 Kunle Adeyanju ya hau babur daga Landan ranar 19 ga Afrilu, ya iso Legas ranar 29 ga Mayu, domin tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna a ƙarƙashin ƙungiyar Rotary. Da ya iso ya shaida wa 'yan jarida irin azabar da ya sha wajen ratsa Sahara, musamman a ƙasar Muritaniya. Mai karatu ya lura cewa shi inji ne ke ɗauke da shi. Ina ga wanda cinyoyinsa ne injin?

Waɗannan mutane sun isa inda suka nufa, shi ya sa muka ji labarinsu. Wanda ya faɗi a rana ta uku ba a kai shi gidan rediyo. Saboda haka saurayin da ke Getso ko Garo yake jin labarin nasara kaɗai, ya ga shi ma in ya samu keke da riga mai rubutu ya gama shiri.

Wani zai ce, ina hamada a Gwarzo da Kabo? Gaskiya ne, ƙasar noma ce mai dawa da masara da gyaɗa, ga madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga da Pada. Amma daga Maris zuwa Mayu zafin rana a ƙasar Kano yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, wani lokaci ya wuce, kuma kafin gajimaren damina ya fara taruwa iska a bushe take ƙayau. Titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Rimin Gado da Gwarzo ya shiga Jihar Katsina ta Dayi, shi ne kuma wasu ke bi su haura Katsina da Maraɗi, masu dogon buri har Agadas. Jikin ɗan Adam bai san taswira ba, abin da ya sani shi ne zafin da ke shigarsa da ruwan da ke fita daga cikinsa.

Yadda Jiki Ke Fama da Zafi

Zafin cikin jikin mai lafiya yana tsayawa ne a wajen digiri 37. Idan mutum yana taka feda, tsokarsa tana ƙona abinci domin samun ƙarfi, amma kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai na wannan makamashi ke zama motsi. Sauran duk zafi ne. Da a ce babu hanyar fitar da shi, zafin jikin mahayin da ke aiki tuƙuru zai riƙa ƙaruwa da digiri 1 a kowane minti 5 zuwa 10, wato kafin ya yi rabin sa'a ya shiga haɗari.

Fata ita ce lagireton ɗan Adam. Zuciya tana tura jini mai zafi zuwa fata, iska ta ɗebe zafin. To amma zafin fata bai wuce digiri 35 ba, saboda haka da zarar iskar gari ta fi haka zafi, sai ta koma ƙara wa jiki zafi maimakon ragewa. Daga nan hanya ɗaya ta rage, ita ce zufa. Kowace lita ɗaya ta zufa da ta bushe a kan fata tana tafiya da zafin da ya kai kalori dubu 580. Wannan ita ce hikimar da ke sanyaya ruwan randa, ita ce kuma Mohammed Bah Abba ya yi amfani da ita wajen ƙirƙiro tukunya cikin tukunya mai adana kayan lambu, wadda ta sa aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Amma randar da ruwanta ya ƙafe ba ta sanyaya komai.

Mai tuƙa keke a irin wannan zafi yakan zubar da lita 1 zuwa 2 ta zufa a kowace sa'a. Abin da ke yaudararsa shi ne, iskar da yake ketawa tana busar da zufar nan take, sai ya ga jikinsa a bushe ya ɗauka bai yi gumi ba. Farin gishirin da ke kan rigarsa ne kaɗai shaida. Mutum mai nauyin kilo 60 idan ya rasa ruwa lita 1 da 'yan kai, ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ke nan, kuma daga wannan mataki ƙarfinsa da natsuwarsa suke fara raguwa. Ruwan jini yana raguwa, alhali kuwa jinin da bai wuce lita 5 ba shi ne tsoka ke nema, shi ne kuma fata ke nema. Zuciya ta ƙara gudu domin ta gamsar da su duka biyu, hanji da ƙoda kuwa a rage musu rabonsu.

Matakin farko shi ne galabaita: jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka, amma mutum yana cikin hayyacinsa. Mataki na biyu shi ne bugun zafi, wato zafin cikin jiki ya haura digiri 40 kuma ƙwaƙwalwa ta rikice. Alamarsa ita ce sambatu, ko faɗa babu dalili, ko tangaɗi a kan keke, ko farfaɗiya, ko suma. Kada a jira sai zufa ta ɗauke, domin wanda aikin ƙarfi ya jawo wa bugun zafi sau da yawa yana nan jiƙe da gumi. A wannan hali ƙwayoyin halittar hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa suna lalacewa ne minti bayan minti.

Ga inda gizo ke saƙar. Gaɓar da ya kamata ta ce wa mutum ya tsaya, wato ƙwaƙwalwa, ita ce ke fara rikicewa. Ke nan tambayar mahayi ko zai iya ci gaba daidai take da tambayar mai maye ko zai iya tuƙi.

Bashin da Ke Taruwa Kwana Bayan Kwana

Tafiyar wuni ɗaya daban, ta kwana biyar daban. Wanda ya yi wuni ɗaya zai koma gida ya ci tuwo, ya sha ruwa, ya yi barci. Wanda ke kan hanya kuwa yana kwana a ajin makaranta ko a shagon wani, cikin zafi da sauro, ya tashi da sauran gibin jiya a jikinsa, ya ɗora na yau a kai. Bashin iri huɗu ne.

Na farko bashin ruwa ne, wanda muka riga muka bayyana. Na biyu bashin gishiri. Kowace litar zufa tana fita da sinadarin sodiyam kimanin giram 1, wasu mutanen ma fiye. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla ba ya cin abinci mai gishiri, zai iya tsinka sodiyam ɗin da ke cikin jininsa har ƙwaƙwalwarsa ta kumbura. A gasar gudun fanfalaki ta Boston a Amurka a shekarar 2002, an gwada jinin mutum 488 bayan sun gama, aka tarar kashi 13 cikin 100 suna da wannan matsala, kuma wata 'yar tsere ta rasu a dalilinta a wannan shekara. Ashe shawarar nan ta "yi ta shan ruwa kawai" rabin gaskiya ce.

Na uku bashin tsoka ne. Tsokar da aka matsa wa fiye da ƙima cikin zafi takan farfashe, ta zubo wani sinadari mai launin ja cikin jini, shi kuma ya je ya toshe ƙananan magudanan ƙoda. Alamarsa ita ce fitsari mai kama da baƙin shayi, irin na yaron da na ba da labari. Abin takaici, maganin ciwon jikin da ake saye a kemis domin a samu a wayi gari a ci gaba, irin su ibufurofen da daikulofenak, yana ƙara rage jinin da ke zuwa ƙoda. Taramol kuwa da sauran ƙwayoyin ƙara kuzari suna kashe gargaɗin da jiki ke bayarwa ne kawai. Masu iya magana sun ce jiki magayi, to mai shan ƙwaya ya toshe bakin magayin.

Na huɗu shi ne cutar da aka taho da ita ko aka ɗauka a hanya. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana sai bayan aƙalla kwana 7 da cizon, saboda haka wanda ya kwanta da shi a rana ta uku daga gida ya taho da abinsa. Ruwan da ba a san asalinsa ba da abincin tasha suna kawo zawo, zawo kuma yana kwashe ruwa da gishiri a lokaci guda. Bazara ita ce kuma lokacin sanƙarau a ƙasarmu, kuma manya ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000. Wanda ya faɗa madatsar ruwa domin ya ji sanyi zai iya ɗaukar tsargiya, wadda ba za ta nuna kanta ba sai bayan makonni. Bugu da ƙari, kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da rabin gadon sikila, wato rukunin AS. Yawancinsu suna rayuwa lafiya lau, amma binciken da aka wallafa a 1987 a kan kuratan sojan Amurka ya nuna cewa matsanancin aikin ƙarfi ya fi yi musu haɗari, musamman idan ya haɗu da zafi da ƙishirwa.

Tarihin tseren keke yana da misalin da ya tattara duk waɗannan. Ranar 13 ga Yuli, 1967, a gasar Tour de France, ɗan ƙasar Ingila Tom Simpson, mai shekara 29, yana hawan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi. Ya yi kwanaki yana fama da ciwon ciki da zawo, ya kuma sha ƙwayar amfetamin da barasa. Ya fara tangaɗi har ya faɗi, aka tashe shi aka mayar da shi kan keke, ya ɗan taɓa tafiya ya sake faɗuwa, bai ƙara tashi ba. Ƙwararre ne wanda ya taɓa zama zakaran duniya a 1965. Abin da ya rasa a ranar shi ne mutumin da zai ƙi mayar da shi kan sirdi.

Abin da Masu Ja da Ni Za Su Ce

Na sha tattauna wannan batu da ɗalibaina, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Hujja ta farko ita ce kakanninmu sun yi fatauci zuwa Gwanja, ayarin gishiri kuma yana ratsa Tenere zuwa Bilma, babu likita babu motar rakiya. Haka ne. Amma a duba yadda suka yi. Babban ayarin gishiri yakan tashi ne wajen Oktoba da Nuwamba, bayan zafi ya karye. Fataken goro sammako suke yi, su yada zango tun rana ba ta gama takewa ba. Suna da salka, sun san kowace rijiya, suna da jagaba mai duba hanya. Uwa uba suna da madugu, wanda in ya ce yau a nan za a kwana, babu mai musa masa. Wanda ya ƙi bin wannan tsari kuwa, ga labarin Heinrich Barth, Baturen Jamus da ake kira Abdulkarim, wanda ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851. A watan Yuli na 1850, kusa da garin Gat, ya ware shi kaɗai ya hau dutsen Idinen duk da an hana shi. Ruwansa ya ƙare, ya ɓata, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jininsa, sai washegari wani Buzu ya tsince shi rai a hannun Allah. Magabatanmu ba su raina hamada ba, mu ne muka ɗauki jarumtarsu muka bar tsarinsu.

Hujja ta biyu ita ce manomin Lakwaya ko Durun kullum a kan keke yake, da buhu a kariya, bai taɓa suma ba. Amsa ita ce jikinsa ya saba. Wanda ya yi kwana 10 zuwa 14 yana aiki cikin zafi sannu a hankali, ruwan jininsa yana ƙaruwa, zufarsa ta riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke cikinta kuma ya ragu. Wannan sabo yana gushewa idan an yi makonni ba a aikin. Ɗalibin da ya fito daga ɗakin karatu ko ma'aikacin ofis ba shi da shi. Daɗin daɗawa, manomi in rana ta take yana shiga inuwa ya dama furarsa, babu wanda ke jiransa da na'urar ɗaukar hoto, babu kuma kunyar da zai ji.

Hujja ta uku ita ce motar rakiya da ma'aikacin lafiya za su cinye kuɗin da aka tara. Wannan ita ce mafi nauyi, kuma ban raina ta ba, domin ƙungiyoyin matasanmu ba masu hali ba ne. Amma a kwatanta kuɗin man mota na kwana biyar da kuɗin wankin ƙoda na mako guda. Idan kuwa lissafi ya nuna tafiyar ba za ta iya ɗaukar nauyin kare masu yin ta ba, to a rage ta zuwa wuni ɗaya, ko a nemi wata hanyar tara kuɗin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ba a rage marayu ta hanyar ƙara wasu.

Hujja ta huɗu ita ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu mai musun ƙaddara, amma malamanmu sun karantar da mu cewa dogaro ga Allah yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Sa'an nan zafin da muke ciki yanzu ya fi na zamanin fatake. Ranar 3 ga Afrilu, 2024, ma'auni ya nuna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Toure na Bamako kuma ya ƙirga mamata 102 cikin kwana huɗun farko na watan. A aikin Hajjin watan Yuni na wannan shekara zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka bayyana rasuwar alhazai 1,301. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Shawarwari

Ba ina kira a daina ba ne. Saurayin da ya ɗauki keke domin maraya ya fi wanda ya wuni a majalisa, kuma hawan keke kansa alheri ne ga zuciya. Ga abin da nake ganin ya zama sharaɗi.

Na ɗaya, lokaci. A yi doguwar tafiya tsakanin Nuwamba da Janairu, a guji Maris zuwa Mayu. Ko a lokacin sanyi a tuna iskar hunturu busasshiya ce, tana shan ruwan jiki ba a sani ba. A tashi bayan Asuba, a sauka kafin ƙarfe 11, a ci gaba bayan La'asar, a yada zango kafin duhu.

Na biyu, shiri. Kowane mahayi ya yi aƙalla mako biyu yana atisaye yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. A auna hawan jininsa, a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya kuma san rukunin jininsa. Tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wannan gwaji ya daina zama baƙo. Mai rukunin AS ba a hana shi ba, amma shi da jagora su san da zamansa.

Na uku, abin sha. A tanadi ruwa mai tsabta da ƙunshin garin gishiri da sukari na asibiti. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duka a shafe, cikin lita 1 ta ruwa. Sirrin haɗin shi ne, hanji yana shigar da sodiyam ne tare da gulukos, ruwa kuma ya bi su, kamar yadda Robert Crane ya bayyana a 1960. Da wannan haɗi Dakta Dilip Mahalanabis ya ceci dubban 'yan gudun hijira masu kwalara a lokacin yaƙin Bangaladash a 1971, shi ne kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yayata a ƙasar nan lokacin da yake Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992. Fura da nono, da kunu, da abinci mai gishiri duk suna taimakawa.

Na huɗu, sikeli. A auna kowa safe da yamma a rubuta. Kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce ta ruwa, a mayar da ita da lita ɗaya da rabi kafin gari ya waye. Wanda nauyinsa ya ƙaru a wunin tafiya kuwa, ruwan da ya sha ya yi yawa, ya rage.

Na biyar, motar rakiya mai ɗauke da ma'aikacin lafiya, da jarkokin ruwa, da ƙanƙara, da babban baho ko tamfol. Tun kafin a tashi a san asibitin da ya fi kusa da kowane zango. Idan wani ya rikice, ƙa'idar ita ce a sanyaya shi tukuna sa'an nan a ɗauke shi, domin minti 30 na farko su ne ke raba mai tashi da marar tashi. A kai shi inuwa, a tuɓe masa kaya, a tsoma shi cikin ruwan sanyi har wuya in da hali, in babu a yi ta kwarara masa ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. A wannan hali ko ruwan madatsa ne a yi amfani da shi, tsargiya tana da magani. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, domin ba ƙwayar cuta ce ta ɗaga ma'aunin jiki ba, zafi ne ya taru ya rasa mafita. Ko da a ƙarshe ya zama zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, sanyayawar ba ta cutar da shi ba, asibiti ne zai tantance.

Na shida, kuma mafi muhimmanci, madugu. A naɗa mutum ɗaya babba, wanda ba ya cikin masu hawa, ba shi ne kuma mai riƙe da asusun ba. A rubuta ƙa'idar tsayawa kowa ya sa hannu tun a gida: duk wanda ya yi zazzaɓi, ko amai, ko zawo, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko ya fara magana ba kan gado, ko nauyinsa bai dawo ba da safe, to ranar a mota zai wuni. Ba a neman ra'ayinsa, saboda dalilin da muka riga muka gani.

Kammalawa

Wannan aiki ba na matasan kaɗai ba ne. Mu masu ba da gudummawa muna da laifi, domin mun saba cewa sai an isa za mu cika alkawari, wato mun ɗora farashi a kan tsayawa. Kamata ya yi alkawarin ya rataya a kan ayarin gaba ɗaya, in mutum ɗaya ya gaza sauran su ƙarasa, a kuma tarbi wanda ya iso a mota da mutuncin da aka tarbi wanda ya iso a keke. Hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi da ake kai wa gaisuwa a hanya, da gidajen rediyon da ke yayata tafiyar, su riƙa yin tambaya biyu kafin su sa albarka: ina motar rakiyarku, kuma wane ne madugunku? Sassan nazarin halittu da na wasannin motsa jiki a jami'o'inmu da kwalejojinmu su buɗe ƙofa ga duk ƙungiyar da ke son shawara, kyauta.

Bayan yaron nan ya warke, jagoransu ya same ni a ofis ya yi godiya. Ya ce tun daren da yaron ya fara zawo ya so ya hana shi hawa, amma ya ji nauyin a ce ya karya masa gwiwa, shi kuma yaron ya ji kunyar a ce ya gaza. Kunya biyu ke nan suka haɗu suka kusa kai mutum kabari. Na ce masa in sun tashi shirya wata su zo mu zauna, su zo kuma da dattijon da zai yi musu madugu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah Ya sa mu dace.